Kitson Hamburg

A shekarun da council ke ta rage ma'aikata, ina aiki a wani ɗan laburare a unguwar Longsight ta Manchester. Suka rage mana ranakun aiki, suka kwashe littattafan da ba mai ara suka zuba a kwali a bakin ƙofa, mai so ya ɗauka. A nan na tsinci littafin yawon buɗe ido na birnin Hamburg, bangonsa duk ya yage. Saboda Inna na ɗauke shi.

Inna ƙanwar mahaifiyarmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta auri wani Bahaushen Kumasi suka tare a Hamburg ta Jamus, kuma rabona da ita tun mahaifiyarmu na da rai. Da jiki ya fara ba ta wahala ta ce tana son ganin 'ya'yan yayarta, ni ta fara kira a waya, don ni ce babba. Sai dai fasfona na can ana sabunta mini izinin zama, ba ranar fitowa. Ƙanwata kuwa, da ke aure a Sparkhill ta Birmingham, jan fasfo na 'yan ƙasa gare ta. Ita ta tafi.

Na yi mata Allah ya kiyaye hanya, amma a baki kawai. Haushi kamar ya kashe ni. Yarinyar da ko Manchester ta zo ba ta san ko'ina ba sai shagon mayafi, wai ita ce za ta Hamburg, ni da na haddace garin titi-titi ina nan ina jera littafi. Na ce to, tunda ba zan je ba, dole ta gano mini.

Na kira ta na yi ta zuba. Na ce ta shiga jirgin ruwan da ke ratsa tashar jiragen ruwa, da tikitin bas ma ana shiga. Akwai tsohuwar hanya a ƙarƙashin kogi da ake bi da ƙafa a ɓullo ɗaya gaɓar. Ran Lahadi ta yi sammakon kasuwar kifi. Kada kuma ta kuskura ta dawo ba ta ga tsofaffin rumbunan nan na jan bulo ba, waɗanda gindinsu ke cikin ruwa.

"To, Yaya," in ji ta. Na san wannan "to" ɗin tun tana rarrafe.

Duk zamanta a can hoto ɗaya ta turo mini: tiren shinkafa da wake a kan kafet.

Da ta dawo ban iya jira ba, na hau motar coach na tafi Birmingham. Ko takalmi ban gama cirewa ba na tambaye ta kogi.

"Wane kogi kuma, Yaya? Tun daga airport aka fara kai ni gaisuwa. Gidan ƙanwar mijin Inna, gidan aminiyarta, gidan da aka yi haihuwa, gidan da aka yi rasuwa. Ko'ina sai an ajiye miki abinci, in ba ki ci ba a ce kin raina. Ruwa dai na hango ta tagar mota, ban san ko shi ba ne."

"Kasuwar kifin fa?"

"Ran Lahadi suna aka yi."

Na yi mata tas. Na ce an kai ta har Jamus ta je ta ƙare a falon mutane, da a Sparkhill ta zauna ai duk ɗaya ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ja ɗankwalinta ta yar a kujera.

"Ranar da na ce zan fita ma Inna ce ta hana. Wai kaina kamar ba ni da kowa a duniya. Ta zaunar da ni wuni guda tana kitso, tana yi tana hutawa, don yatsunta sun ƙage. Ya ɗame mini kai, ko barci ba na iyawa. Please, zo ki tsefe mini."

Na zagaya bayanta na duba kan. Kitson mahaifiyarmu ne. Tsagar ta ɗan karkata hagu, ga kuma ɗan siririn nan da take nannaɗewa a bayan kunne da ragowar gashi. Ban taɓa ganin wani mai kitso ya yi shi ba, ashe a gidansu suka koya su biyu, ita da Inna. Ƙanwata ba ta gane ba. Ita tun tana ƙarama ihu take in an taɓa kanta, ni ce mai zama shiru har a gama.

Na ce, "Hira kuka yi?"

"Ita dai ta yi ta yi. Labarinsu da Mama suna yara, wai wata rijiya, wai wata akuya. Honestly ban riƙe ba, kaina na zafi."

"Ba ki riƙe ko ɗaya ba?"

"Yaya, labaran tsofaffi ne fa."

A nan kishin ya kai mini har wuya, na manta da wani kogi da wani jan bulo. Wuni guda kanta na kan cinyar Inna, ana ba ta labarin uwarmu, ita kuma tana Allah-Allah a gama. Na tambaya ko Inna ta yi zancena. Ta ce e, tana gaishe ni, kuma ta ce daga wannan ta daina kitso, hannun ya ƙi.

Na ɗauki tsinken tsifa na zauna, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na so in ce ta bar shi ko na mako guda, girman kai ya hana ni. Na yi ta warwarewa a hankali ina bin sawun yatsun Inna, tana ta mitar na cika nawa, yara sun kusa tasowa daga makaranta. Na tsefe duka, na bar ɗan siririn nan na bayan kunne, na rufe shi da gashi.

Ta shafa kanta ta lalubo shi.

"Kin manta ɗaya," ta ce. Ta sa farce ta warware shi da kanta, idonta na kan talabijin.