Kwamfutar da Dogo Ya Haɗa wa Auta

Dogo ake kiransa a layin masu gyaran kwamfuta, ko da yake ba wani tsawo gare shi ba. Shagonsa ne siriri kamar lungu. Sana'arsa haɗa kwamfutar buga gem. In ka zo da ɗokinka, sai ya tambaye ka wasan da kake yi da irin zafin ɗakinka kafin ya taɓa ko noti guda.

"Bar akwati mai fitilun nan," yakan ce. "Nemi katin hoto mai ƙarfi da fanka mai kyau, saura kwalliya ce."

Shi ma da gwanin wasa ne. Rasuwar babansu ce ta zaunar da shi a bayan tebur, ya bar wa ƙaninsa Auta fagen. Da Auta ya ce zai fara shiga gasa, Dogo ya ɗauki abin da zafi. Ya sa shi ya damƙi maus iri-iri har aka sami wanda ya zauna a tafinsa. Ya zaɓo kibod marar ƙara saboda ɗakin mamarsu na jikin nasa. Allon kuwa, wanda ya daɗe yana ɓoye wa kansa ne ya ciro daga kwali.

Auta ya yi ta cin gasa, har wani kamfani ya ɗauke shi, ya ba shi gida da sabbin kaya. Ranar da za a yi hira da shi a intanet, Dogo da kansa ya bi shago-shago ya tara maƙwabta a shagonsa su kalla. Mai hirar ta tambayi Auta wa ya haɗa masa kwamfutarsa ta farko.

"Ni na haɗa abata," in ji Auta. "Wani mai gyara a unguwarmu ne dai ya ɗan ɗaure min notuna."

Mai sayar da caja ya yi tari, ya ce ya bar kwastoma yana jira. Sauran ma suka zame.

Dogo ya kira shi a waya. "Auta, yau ni ne wani mai gyara?"

"Haba Yaya, harkar talla ce fa. Haka suka ce in faɗa. Kada ka sa a ranka."

Dogo ya kai ƙara wurin mamarsu, ta ce, "Ka yi haƙuri, kai ne babba." Tun yana yaro da wannan maganar ake rufe masa baki.

Bayan wani lokaci direban kamfanin ya sauke masa tsohuwar kwamfutar, ƙura ta toshe fankar, ko saƙon gaisuwa babu. Ya goge ta tas, ya kunna, ya ce bari ya gwada hannunsa na da. Yatsun suka ƙi. 'Yan koyo ma sai da suka lallasa shi. Ya kashe ta, ya kwance ta gaba ɗaya, ya riƙa sa kayan a kwamfutocin mutane har suka ƙare.

Har yanzu yana shagon. Auta kan zo duba mamarsu a mota, su gaisa, su yi zancen ciwon gwiwarta da magungunanta. Da zarar hira ta karkata wajen gem, sai Dogo ya nemi takalmansa.