Haƙori Ba Ƙusa Ba Ne

Tun tana yarinya, Auta ba ta taɓa jin cikakkiyar magana daga bakin babanta da rana ba. Kafinta ne, irin wanda aljihu bai ishe shi ba: a baki yake jera ƙusoshi, ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya yana bugawa. In ka gaishe shi sai ya amsa ta hanci. In mai kujera ya zo da ƙorafi, ta hancin dai za a sallame shi. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, ƙasa lulluɓe da garin katako, zarto rataye a bango, gwangwanin gam a kan taga. Babu ƙofar da bai taɓa ba a unguwar. Kuma aƙidarsa guda ce a duniya, ba ya barin rami. Ko ƙwaro ne ya huda ƙafar tebur, sai ya kankare wurin tas, ya kwaɓa garin katako da gam, ya cusa, ya shafe da yatsa. Har bangon ɗakin Inna bai tsira ba.

Allah da ikonsa, Autar nan ce ta zama likitar haƙori. Shekara da shekaru tana gyara bakin mutanen gari, na gidansu ya gagare ta. Ƙarfe ya ci wa Baba haƙoran gaba har a ƙasa biyu kawai suka rage, kafaɗa da kafaɗa, su ne ke danne ƙusa da na sama. Da ɗaya ya fara girgiɗi, Inna ce ta kai rahoto: kullum da safe tsohon yana tura shi ciki da ƙotar guduma.

Da ƙyar da lallami aka kai shi kan kujerar asibiti. Auta ta ɗauki hoton ƙashin, ta juyo masa da allon.

"Baba, ka ga wannan? Muƙamuƙinka ne. Kowane haƙori da gurbinsa a cikin ƙashin, daidai tsawon saiwarsa. Amma ba buga shi aka yi kamar ƙusa ba. Rataye yake da wasu siraran zare da suka kama shi da bangon gurbin ta ko'ina. Shi ya sa in ka ciji abu yake ɗan lotsawa ya dawo."

"Wato babu gam?"

"Babu gam, Baba."

"To ai shi ya sa yake girgiɗi."

Ta nuna masa ɗan siririn ƙashin da ya raba gurbin biyu, wanda bai fi kaurin farce ba. Mai girgiɗin ya riga ya mutu, sai cirewa. Ɗan'uwansa kuwa zai iya zama har ƙarshen rayuwa, muddin bangon nan bai lalace ba. In ya lalace, an gama da riƙon ƙusa. Nan Baba ya natsu, don duk bayanin wannan kaɗai ya shiga kunnensa.

Cirewar ba ta ba da wahala ba. Ta danna masa auduga, ta tsuguna a gabansa kamar mai roƙon gafara.

"Jini zai daskare a cikin gurbin. Baƙi za ka gan shi, amma ba datti ba ne. Shi zai zama nama, ya zama ƙashi, ya cike wurin da kansa. Kada ka taɓa. Kada ka sa tsinke, kada ka sa harshe, kada ka kurkure da ƙarfi. Ka ji ni?"

Da yake auduga ce a bakinsa, ta hanci ya amsa. Ita kuma, duk da sanin da ta yi masa, ta ɗauka eh ne.

Sati bai cika ba Inna ta buga waya. "Ki zo ki ga ubanki. Haɓa ta yi suntum, ba ya ci, ba ya barci, kuma ya rantse lafiyarsa ƙalau."

A shago ta same shi yana goge murfin akwati, ido ya yi ja. Tun kafin ya gama buɗe baki wari ya gaya mata rabin labarin. Ta haska fitilar waya ta leƙa. Babu rami. A madadinsa wani abu ne ruwan ƙasa, a daddale, an shafe shi sumul daidai da dasashi, ko tudu babu.

"Baba. Mene ne wannan?"

"Aikin da kika bari rabi. Na duba madubi na ga datti cunkus a ciki. Na kwashe shi da bakin ƙusa, sabuwa fil, kada ki ce komai. Sannan na cike."

"Da me?"

Ya nuna gwangwanin gam ɗin kan taga da haɓar da ta kumbura.

Auta ta zauna a kan benci ta dafe kai. Takaici ya hana ta kuka, ya hana ta dariya. Mutum ɗari ta yi wa wannan gargaɗin, wasu suka sa tsinke, wasu suka zuƙi taba, amma babu wanda ya taɓa yi mata filasta sai uban da ya haife ta.

"Jinin da ka kwashe, shi ne maganin! Ka bar ƙashi tsirara, ka zuba masa shara, ka toshe!"

"Gam ɗin mai kyau ne," in ji shi, a ɗan sanyaye.

Ta tone abin a asibiti, ta wanke, ta sa magani, ta haɗa shi da ƙwayoyi, ta naɗa Inna mai gadi. Kumburi ya sauka. Amma da aka sake hoto bayan wasu makonni, siririn bangon ya narke, saiwar ɗaya haƙorin tana tsaye gefenta a buɗe. Ta taɓa shi da ƙarfen aiki, ya yi lilo. Baba ya san abin da ginshiƙi ke yi in aka zare masa madafa, sai ya kwanta ya buɗe baki da kansa. Ta cire shi, kuma ranar ba ta ƙara duba kowa ba.

Da wurin ya warke ta biya shagon da rana, da niyyar yi masa maganar haƙoran roba, da faɗan da ta tanada in ya ƙi. Daga bakin ƙofa ta hango shi sunkuye a kan wata kujera. Ya jera ƙusoshi a leɓe, ya ɗaga guduma, suka zube. Ya tsince su a cikin garin katako, ya hure, ya sake jerawa, suka sake zubewa. Ya daɗe yana kallon su a ƙasa.

Ta yi sallama. Ya amsa da baki, tiryan-tiryan, har da tambayar gajiya da ta yara, kuma ta ji gara a ce bai iya ba.

Ya tattara ƙusoshin ya miƙo mata ba tare da ya dube ta ba.

"Auta, in ba sauri kike ba, riƙe min. Ɗaya-ɗaya za ki riƙa ba ni."

Ta ajiye jaka ta buɗe tafin hannu.