Shekara Biyun Mushe Wada

A watan Oktoba na 1998 Mushe Wada (Mushe ake ce wa malamin boko a Nijar) ya fara ganin Hafsa, ranar ɗaukar sababbin yara a lakwal, wato makarantar boko, inda yake darakta kusa da Kanan-Bakashe. 'Yar makiyaya ce, ubanta ya kawo ta ba takardar haihuwa, ya ce daminarta tara. Ta wuce shekarun shiga aji. Mushe Wada, wanda ya yi karatu hannun 'yan mishan a Maraɗi, ya kuma sha korar yaro gida kan kuskuren kwanan wata, ya dubi yarinyar, ya rubuta bakwai. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da ta samu shiga jami'a a Yamai ta ce tarihi za ta karanta, sai ya zaunar da ita ya yi mata bayani filla-filla: tarihi ba ya kai mutum ko'ina sai gaban allo, ta je ta koyi aikin likita. Ta saurara da ladabi, ta tafi ta yi tarihinta. Ta koyar shekara huɗu a Mayahi, ta riƙe wani shiri a gidan rediyo, daga baya aka ɗauke ta aikin da bai taɓa jin irinsa ba. Ƙauye-ƙauye take bi tana tambayar tsofaffi shekarar fara, shekarar ƙyanda, shekarar da aka gina rijiya kaza, ta gwada da tsofaffin takardun gwamnati, don waɗanda ba su da takardar haihuwa su san shekarunsu.

Shi dai Mushe Wada ya san nasa. Wani Bature darakta ya dubi tsayinsa ranar da aka kai shi lakwal ya rubuta 1949, kuma a kan wannan rubutu ya girmi Sale, abokinsa tun suna yara a garin Sarkin Hausa, da shekara guda. Fiye da shekara hamsin Sale na ce masa Yaya, yana bar masa kujera mai jingina da kofin shayi na farko. Mushe Wada kuwa yakan karɓa da fuskar wanda ya yi wahala kafin ya samu.

Bara Hafsa ta zo Tasawa da kayenta, littafin da take rubuta shekarun a ciki, ta iske su biyun a ƙofar gida, ta roƙi Mushe ya duba mata shafin garinsu. Ya sa tabarau, ya fara neman kuskure kamar yadda ya saba. A tsakiyar shafin ya ga maganar Iya Safi, tsohuwar da ta goya su duka biyun: an haifi Sale damina guda kafin rijiyar kasuwa ta rufta, Wada kuma a daminar da ta rufta. A gefe Hafsa ta rubuta abin da ta samo a rahoton kumandan na zamanin Turawa: rijiyar ta rufta a 1951. Ya yi lissafin sau uku, ko ɗaya bai zo masa da sauƙi ba. Bai san lokacin da ya ɗaga bayansa daga jinginar kujerar ba.

Sale, wanda bai iya karatu ba, ya tambayi ko akwai sunansa a ciki. Hafsa ta ce akwai.

"To, 'yata, da shekara nawa Yaya ya girme ni? Kullum guda yake cewa, ni kuwa ina ganin yana ragewa don kar a ce ya tsufa."

Hafsa ta karɓi kayen daga hannun Mushe ta rufe.

"Baba Sale, ni aikina na marasa takarda ne. Mushe yana da tasa, hannun darakta kuma ba a gyara shi."

Ta ɗauki kofin farko ta miƙa wa Mushe Wada da hannu biyu. Ya karɓa, ya ce sukarin ya yi yawa.