Askar Kakana a Greensboro

Har yau in na ji warin sifirit a asibiti sai in ji kamar na koma ɗakin nas ɗin makarantarmu a Greensboro, can ƙasar waje, ina 'yar shekara takwas.

Ciwon ciki ne ya kai ni wurinta, ciwon da rabinsa na gudun lissafi ne. Ta ɗaga rigata, sai ta tsaya cak. Akwai tsaga uku-uku a gefen cikina, tsagar gidanmu, wadda Kakana wanzami ya yi mini ranar sunana a Katsina. Ta tambaye ni wa ya yi mini haka, kuma da me. Ni da bakina ba ya shiru na ce kakana ne. Kalmar aska ba ni da ita a Turanci, sai na ba ta wadda na sani, knife, wadda ake yanka burodi da ita, ake kuma kashe mutane da ita a talabijin. Don burga har na ƙara da cewa ranar Asabar za a yi wa jaririnmu.

Kwana huɗu ke nan da Mama ta haihu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo wankan jego, ta taho da askar marigayin mijinta a naɗe cikin tsumma. Tunda Baba ɗan wanzami ne, duk karatun noman da yake yi a jami'a bai fid da shi ba a wurinta, shi zai yi wa yaron.

Washegari da la'asar wata Baturiya daga hukumar kula da yara ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu da ke bayan titin Wendover. Na sha ji a makaranta cewa irinsu suna ɗauke yara su ba wasu iyaye. Na laɓe bayan kujera ina ƙirga takunta. Ban taɓa ganin Baba yana in-ina ba sai ranar. Mama ta ƙanƙame jaririn har ya fara kuka.

Kaka ba ta jin Turanci, amma ta ga ana nuna cikina. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsumman, ta warware shi a kan tebur. Wallahi na ɗauka shi ke nan, an gama da mu. Matar ta ja baya da jakarta a ƙirji. Kaka kuwa ko a jikinta, ta sassauta zaninta ta nuna tata tsagar, ta sa Baba ya ɗaga rigarsa, da shi da taye.

Matar ta daɗe tana kallon su biyun. Sannan ta nuna jaririn, ta tambayi Baba ko shi ma za a yi masa.

Baba ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya ce a'a.

Ta rubuta, ta ce za ta dawo ta duba. Ta dawo har sau biyu, kuma kowane zuwa sai na yi fitsari a wando.

Ranar suna an aske wa ƙanena kai da reza, iyakarta ke nan. Ba wanda ya dake ni, kuma da dukan aka yi da ya fi mini sauƙi. Kaka tana yi masa wanka ta shafa cikinsa sumul, ta ce da Baba, ba tare da ta ɗago ba, "To, in ya ɓata a ƙasar nan, da me za a gane namu ne?"

Yanzu na girma, na san ba zan bari a tsaga nawa 'ya'yan ba, kuma ban ga laifin matar ba. Kaka ta rasu, Baba ya rasu. Ƙanena yana can unguwar Sedgefield da iyalinsa, in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Bai ɓata ba, na san gidansa, amma wani lokaci ina zaune a falonsa sai tambayar tsohuwar nan ta dawo mini.