Babayo Kunne da Motar Rimot

Duk baƙon da ya shigo layinmu a kasuwar Azare, abin da yake fara yi shi ne waige-waige ya ga inda ake faɗa. Babu faɗan komai, haka muke gaisawa. Ni tela ne, na daɗe a layin nan, kuma na san wanda ya jawo mana wannan ihun: Malam Babayo mai gyaran rediyo, wanda bango ɗaya ya raba shagona da nasa.

Ɗan Bulkachuwa ne. Ya baro gonar mahaifinsa yana saurayi saboda rediyo ta fi fartanya shiga ransa. Rediyo, fanka, janareto, duk abin da ke da waya a ciki yana gyarawa, kuma da kunne yake aikinsa. Sai ya karkatar da kai, ya lumshe ido, ya ce, "Koyil ne ya fara ƙonewa," a buɗe a tarar haka ne. Ɗan acaɓa ma in ya wuce sai ya bi shi da kira, ya gaya masa abin da ke damun babur ɗinsa, ba tare da an tambaye shi ba. Shi ya sa ake ce masa Babayo Kunne, shi kuwa yana ji da sunan nan fiye da yadda yake ji da 'ya'yansa.

Yana da wata magana da ya maimaita har muka haddace: "Ranar da kunnen nan ya gaza, in rufe shago in koma gona." Mutum ne mai taurin kai na ban haushi, in ya faɗi abu ko zai cutu sai ya yi.

To, kunnen ya gaza. Shekara da shekaru yana kwantar da kai a jikin janareto, dole wata rana a biya. Wajajen 2003 muka fara lura: ka yi masa sallama ta baya, shiru; ka tambaye shi iyali, ya ce maka sai jibi za a gama. Da hannu da ido da sabo yake ci gaba da gyara, yana karkatar da kai kamar da, a zatonsa babu wanda ya gane.

Ba mu yi taro ba, ba wanda ya ba da shawara. Azuka ne ya fara, mai sayar da kayan lantarki a shagon da ke kallon namu, mutumin kudu da ya zauna Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Wata safiya ya ƙwala "Malam Babayo, ina kwana!" kamar mai kiran wani a hayin kogi. Don kada Babayo ya tsargu, sai ya juyo ya ƙwala mini ni ma. Na rama. Hajiya Ya Gana mai abinci ta ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, layin gaba ɗaya ba mai iya tambayar kuɗin allura a hankali. Wa zai kalli dattijo ya ce masa ka kurumce? Mun gwammace maƙogwaronmu ya tsage, don ba ma so a rufe shagon nan. Ni dai gaskiya ba na so, duk da rabin rayuwata a faɗa da shi ya ƙare.

Haka muka lallaɓa har 2008, sai ga motar.

Ƙanen Azuka ne ya kawo masa ita daga Legas, motar wasa mai rimot, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, amma ba irin ta yara ba ce. Azuka ya ce zai riƙa zagaya ta a ƙofar shago kafin ƙaramar Salla don ta tara masa jama'a. Matsalar ita ce a kwance aka kawo injin, Azuka ya haɗa da kansa, da ya matsa kunamar rimot sai motar ta yi baya a guje ta shige ƙarƙashin keken ɗinkina.

Babayo ya karɓa ya buɗe, ya daɗe yana leƙe.

"Azuka, an cuce ka. Injin nan ba burushi a ciki."

"Haka ake yinsa, Malam!" in ji Azuka da ƙarfi. "Sabon yayi ne, marar burushi!"

"Inji ba burushi, waya har uku. Allah Ya kyauta."

Amma idonsa ya kawo haske, na gani. Ya yi ta juya wayoyin nan uku, can ya sauya wa biyu wuri, mota ta kama gaba. Layi ya ɗauki sowa. Sai dai ba ta iya tashi a hankali ba: kana taɓa kunama za ta ɗaga ƙafafun gaba ta kife a bayanta, tayoyi na juyawa a sama.

Akwai wani ɗan akwati tsakanin batir da inji, shi ke sarrafa gudu, Babayo ya sa masa suna gwamna. Azuka ya bugo wa ƙanensa waya, ya dawo da bayani yana ihu: a matse kunama a kunna motar, za ta fara kuka, tit ɗaya, sai tit biyu, sai tit uku, haka har sama. Kowane kuka matakin ƙarfin tashi ne. In ana so ta tashi a hankali, a saki kunama a kan na biyu.

"Wato da kunne ake saita ta," in ji Babayo, ya gyara hula. "An zo gidan."

Kukan nan siriri ne kamar na ɗan tsako, ni mai kunne biyu ma sai na natsu nake ji. Jama'a kuwa sun taru.

Ya ajiye motar a ƙasa, ya matse kunama, ya karkatar da kai. Motar ta ce tit. Azuka, daga inda yake tsaye, ya gyaɗa kai sau ɗaya da ƙarfi. Na gane nufinsa, na ɗaga almakashi. Hajiya Ya Gana ta ɗaga ludayi. Sai dai ba mu shirya ba: Azuka kowane tit yake gyaɗa wa kai, ni ina jiran na biyu ne in yi alama, Hajiya kuwa ba ta ma san me ake ƙirgawa ba, ludayi kawai take kaɗawa don ta taimaka. Babayo yana satar kallonmu ta gefen ido, ya rikice, bai saki ba sai da kukan ya kai ƙarshe, matakin da ya fi ƙarfi.

Ya taɓa kunama. Wallahi ban ga tafiyar motar nan ba, ƙararta kawai na ji. Ta bi ta tsakanin ƙafafun wani mai goro, ta kori akuya biyu, ta je ta daki kwanon miyar Hajiya, miyar kuka ta wanke mata zane. Hajiya ta yi ta zabga wa Azuka da ƙanensa da Legas baki ɗaya zagi da Barbarci.

Aka ɗauko mota aka goge. Babayo ya sake matse kunama, amma wannan karon bai karkatar da kai ba, mu ya zuba wa ido. Mu kuwa wawaye, tit na farko sai ga mu mun gyaɗa kai tare kamar ƙadangaru.

Ya ajiye rimot.

"Tun yaushe kuka sani?"

Tun da nake, ban taɓa jin layin nan ya yi shiru irin na ranar ba. Azuka ne ya daure, ya matso gabansa ya ce, "An daɗe, Malam."

"Ihun nan duk nawa ne?"

"Naka ne."

Ya jinjina kai. Ya shiga shago ya fara zuba sukundireba da filaya a cikin buhu. Na ce masa, "Malam Babayo, kada ka yi mana haka," bai ji ba, ko ya ƙi ji. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga, shi ko Azuka ko kaina. Da ya gama ya sunkuya ya ɗauki motar don ya miƙa wa mai ita. Ashe ba a kashe ta ba, tana ta kukanta, yatsansa kuma ya sauka a kan injin.

Sai ya tsaya cak.

"Azuka, yanzu ta yi kuka?"

"Ta yi!"

"Sau uku?"

"Sau uku, Malam!"

Ashe motar ba ta da wata lasifika, injin ne da kansa yake karkarwa ya ba da ƙarar. Babayo ya zaro sukundireba daga buhu, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa. Ya ce a kashe a sake kunnawa. Dattijo da furfura, durƙushe a tsakiyar kasuwa da sukundireba a baki, ido a lumshe, yawu na zuba. Ba wanda ya yi dariya sai da ya saki kunama a kan na biyu daidai, mota ta taka a hankali ta zagaya Hajiya Ya Gana ta dawo ta tsaya a ƙafarsa. A nan ne muka fashe, har da shi.

Na ce, "To gonar fa?"

Ya kalli bakina, ya tofar da yawu. "Da haƙori na ji, amma na ji. Mayar mini da kayana kan tebur." Sannan ya juya ga jama'ar layi. "Ku kuma ku daina yi mini ihu, ba ji nake ba. Ku dai tsaya a gabana in ga bakinku."

Daga ranar, fanka ko janareto, da sukundireba a haƙori yake sauraro, kuma bai sake ɓoyewa ba. Bai koma gona ba sai da aka kai shi makwancinsa a Bulkachuwa.

Mun yi ƙoƙarin rage murya kamar yadda ya ce, abin ya gagara. Shagon nasa yanzu mai sayar da katin waya ne a ciki, amma kullum da safe Azuka yana buɗe ƙofa zai ƙwala mini "Ina kwana!" har a ji a bakin titi. Ni ma da ƙarfin nake amsawa.