Bakan Bahago

Saƙon Baffa ya same ni ne bayan na gama jarrabawar ƙarshe, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira ina jiran a gama buga wa takardar shaidata hatimi. Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifin, kuma shi ne babba a cikin maharban da suka rage a ƙauyenmu. Ba ya rubutu a waya, sai dai a danna masa ya yi magana. Saƙon bai kai minti ɗaya ba. Ya ce ya ji na sauke karatu, Allah ya sa albarka. Ya ce in an gama girbi ciyawa ta bushe za su fita neman barewa, in ba a samu ba ko gada ce, kuma bana da ni za a fita. Ya rufe da cewa in zo da bakana.

A gidanmu ba a ba mutum bakansa na farko, ba a kuma ara masa. Ana gadon kwari, ana raba kibau, amma baka mutum ne zai zaɓa da kansa ya kawo gaban manya su gani. Iya sanina, daga abin da ya zaɓa ake fara gane irin maharbin da zai zama. 'Ya'yan Baffa sun wuce wannan tun suna samari. Ni aka ware wa karatu, har na kai ashirin da bakwai ban taɓa jan tsarkiya ba. Tsohon da ke sassaƙa baka a ƙauyen ya rasu ina shekarata ta biyu a Masar. Ko da yana raye ma, ina jin ba zan so in fara koyo a gaban jama'a ba. Sai na yanke shawarar in sayi baka a Alƙahira, in koyi abin da ya samu kafin takardata ta fito.

Na fara da inda na fi sabawa, wato littafi. Na koma babin farauta a littattafan fiƙihu, na sayi sabon littafin rubutu na yi ta tsara sharuɗɗa: ambaton sunan Allah lokacin saki, kibiya ta huda da tsininta, abin da ake yi in dabba ta ɓace aka same ta daga baya. Sannan na yi ta karanta bayanan masu harbi a waya, kan tsawon baka da nauyin jansa. Abokin zamana, wani ɗan Maraɗi da muke raba ɗaki, ya leƙa littafin wata rana da yamma ya ga na kai shafi na sha ɗaya.

"Ustaz, barewar nan za ta haihu ta yaye kafin ka gama muƙaddima," ya ce.

Na ce masa wataƙila, amma gara a bi abu a hankali. Ya ce shi tun da muka haɗu bai taɓa jin na ce i ko a'a ba sai da wataƙila a gaba, ko da shayi aka miƙo mini.

Shi ya raka ni kasuwar Ataba. Mun yi yawon rabin yini a cikin cunkoso ba mu samu komai ba sai bakan roba na yara da wasu na ado da ake ratayewa a bango. Wani mai sayar da kayan motsa jiki ne ya tausaya mana, ya kwatanta mana wurin wani kabtin, kamar yadda Misirawa ke kiran duk mai koyar da wasa. Ashe ma wurin bai da nisa da unguwarmu.

Ɗaki ne a ƙasan wani bene, bayansa akwai fili mai tsawo da aka jera wa dammunan ciyawa aka liƙa musu takardun saiti. Kabtin dattijo ne mai kauri, zai kai sittin, ba ya rabuwa da kofin shayi. Na buɗe littafina na fara karanta masa tambayoyina, na ce baka mai ƙarfi nake so, wanda zai kashe nan take, don ba na son dabba ta wahala. Ya bar ni har na kai tambaya ta huɗu. Sannan ya bayyana mini cewa bakan da yake sayarwa gida uku ne, mariƙi a tsakiya da fikafikai biyu da ake ɗaurawa sama da ƙasa. Fikafikan ana canzawa, yau masu laushi, in ƙarfi ya zo a sa masu tauri, don haka maganar ƙarfi ba ta yau ba ce. Mariƙin ne ba a canzawa. An yanke shi ne ta gefe ɗaya inda kibiya ke kwanciya, akwai na mai ja da dama, akwai na mai ja da hagu.

Ya sa na miƙa hannuwana biyu na haɗa su na bar 'yar kafa a tsakani, na kalli agogon bango ta cikin kafar, sannan na jawo hannuwan a hankali zuwa fuskata ba tare da na rasa agogon ba. Suka tsaya a idona na hagu. Ya sa na sake. Na sake har sau uku, na ukun ma na ɗan yi ƙoƙarin karkatar da su, ba su karkata ba.

"Kai bahago ne, ya ustaz."

"Da dama nake rubutu," na ce.

"Ban tambaye ka rubutu ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Bahago aka haife ni, sai dai na yi shekara ashirin ban ji wani ya faɗa ba. Baffa ne ya gyara ni, kamar yadda ake cewa a gida. In ban manta ba ina ɗan shekara shida. Duk sanda na kai hagu akushi sai ya doki bayan hannun da ludayi, ba da ƙarfi sosai ba, amma kullum. Akwai lokacin da ya ɗaure mini hannun da tsumma a ƙugu na kwana biyu ko uku. Ban riƙe shi da wannan a zuciya ba. A wurinmu yaron da ke ci ko miƙa abu da hagu, mai riƙonsa ake zagi. Na koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisawa da karɓa da dama, har na zama mai lura da hannun wasu.

Na ce wa kabtin na dama nake so. Ban ba shi dalili ba, don ban san yadda zan faɗa da Larabci cewa akwai wani dattijo a wani ƙauye da zai ga wahalarsa ta shekaru ta warware a gaban abokansa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tamam, ba laifi, amma ba zai sayar mini ba tukuna. In riƙa zuwa ina harbi da bakan koyo na mako biyu, in na ga ya yi mini sai in ɗauka.

Na riƙa zuwa bayan la'asar. Na koyi tsayuwa, na koyi kai tsarkiya gefen baki, na koyi saki ba tare da fizga ba. Tsarkiyar ta ɗaye mini fatar hannu a kwanakin farko. Abin da ban iya ba shi ne samun tsakiya. Kibauna duk hagu suke tafiya, wani lokaci su bar damin gaba ɗaya su daki bango. Kabtin ya ce idon hagu ne ke ƙwace saitin alhali kibiyar tana ƙarƙashin na dama. Na fara rufe idon hagu. Abin ya ɗan gyaru, amma sai na kasa auna nisa, kuma da na gaji idon yake buɗe kansa. Na rubuta sakamakon kowace rana a littafina, da fatan in ga ci gaba. Wataƙila akwai ɗan kaɗan.

A ƙarshen mako na biyu ya zo ya tsaya kusa da damin, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiya ya ce nan ne bayan kafaɗar barewa. Sannan ya matsar da hannun zuwa inda kibauna suka taru, ya ce nan kuma ciki ne. Takarda ba ta damu ba, in ji shi, amma dabbar da aka soka a ciki za ta yi gudu mai nisa, ta kwanta inda ba wanda zai gan ta, ta yi kwana guda tana mutuwa. Ya tuna mini cewa ni ne na shigo ina maganar kada dabba ta wahala. Daga nan ya miƙo mini wani baka.

"Yalla, maza. Uku kawai. Ba wanda ke kallo."

Na riƙe da dama, na ja da hagu. Kafaɗar ba ta saba ba. Amma a karon farko abin da nake kallo da inda kibiyar ke nufa suka zama wuri ɗaya. Ukun ba su shiga tsakiya ba, sun dai taru kusa da ita, a wurin da bai fi faɗin faifai ba. Ban ji daɗi ba kamar yadda ya kamata. Abin da na ji ya fi kama da na wanda aka kama yana abin da aka hana shi.

Na koma ɗaki na sake buɗe littattafai. Ban ga inda aka sharɗanta hannun da za a ja tsarkiya da shi ba, ko da yake ba zan ce na duba duka ba. Har na kawo wa abokin zamana hujjar cewa bakan bahago ai da dama ake riƙe shi. Ya yi dariya har ya ajiye cokali, ya ce shekara huɗu na karatu ba su tafi banza ba tunda na iya nemo mafita, amma shi a ganinsa ba littafi ne zai tsaya a bakin daji yana kallona ba. Ya ce in kira tsoho in huta, in bar shi shi ma ya huta.

Na yi kwana uku ina tsara yadda zan faɗa. Na kira ranar Juma'a da hantsi, lokacin da na san yana zaure. Muka gaisa, na tambayi gida da gona da jikin inna, na tambayi ruwan bana sau biyu. Sannan na fara zagaye. Na ce akwai wani mai koyarwa a nan da yake da wani ra'ayi, wanda ban tabbata ba ko daidai ne, game da ido, kuma mai yiwuwa irin bakan nan na zamani ne ke da wannan matsala.

"Malam, faɗi maganarka, wayar ba tawa ba ce," ya ce.

"Baffa, da hagu nake samun saiti."

Ina jin kaji a bayansa, da wani yana sallama daga nesa.

"Da hagu kake cin abinci yanzu?"

"A'a, Baffa."

"To a akushi na hana ka. Ban hana ka a daji ba."

Sai ya ci gaba da bayani, a muryar da yake koya wa mutum ɗaurin dami. Ya ce in maharba suka jeru suna tafiya, mai ja da dama hagunsa yake iya juyawa da sauƙi. Naman da ya tashi ta hannun dama sai ya juya jikinsa duka, kafin nan ya wuce. Shi ya sa tun zamanin kakanninmu bahago ake sawa a ƙarshen layi ta dama. Nasu bahagon ya rasu shekarun baya, tun daga nan gefen yake a buɗe, duk abin da ya tashi ta can sai dai su bi shi da ido. Ya ce ya san da hannuna tun ina yaro, ya ɗauka karatu ya cinye shi. Na so in tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa mini ba, sai mai wayar ya karɓi abinsa.

Washegari na je na ɗauki mariƙin hagu da fikafikai masu laushi, da wasu masu tauri da kabtin ya ce kada in taɓa sai na yi wata biyu. Na tambaye shi ko yana ganin in sake gwada na daman sau ɗaya don in tabbatar.

"Khalas, ya isa haka, ya ustaz," ya ce, ya ja zif ɗin jakar.

Takardata ta fito kafin watanni biyun su cika. Na yi ta fargabar filin jirgi, na rubuta bayanin da zan yi da Larabci da Turanci, amma da aka buɗe jakar aka ga katako biyar da kibau marasa kai sai aka sa ta cikin manyan kaya.

Ranar fitar, na haɗa bakan a zaure gaban dattawa biyar. Ya zaga hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya yi sheƙi da yawa, sai a shafa masa ƙasa. Baffa ya duba gefen da aka yanke, ya mayar mini. Da muka isa bakin daji ya nuna mini ƙarshen layi ta dama da haɓarsa. Ba mu ga barewa ba ranar, sun yi ƙaranci yanzu. Gada ɗaya ta tashi ta gefena, na ja, amma ta yi nisan da ban amince da kaina ba, sai na sassauta tsarkiyar. Ban sani ba ko an ɗauki wannan hankali ko tsoro.

Da rana ta take muka zauna a gindin wata tsamiya aka kwance ƙunshin dambu aka juye a kwano. Baffa ya turo mini kwanon, na ga idonsa ya sauka a kan hannuwana. Na ajiye bakan, na sa dama.