Wanzamin da Ya Miƙa wa Adisa Mataji

Da an sallame sallar asuba a Salaga, kafin mai koko ta gama hura wuta, za ka ji ƙarar nan daga ƙofar gidan Mba Alidu: shaf, shaf, shaf, aska na kai da komo a kan fata. Bai taɓa fita bai wasa ta ba, ko da jiya bai taɓa kan kowa da ita ba. Sai ya jera kayansa cikin zabira, ya saɓa a kafaɗar hagu, ya bi ta bakin rijiyoyi yana gaisawa da jama'a. Amma fa idonsa ba ya kan fuskar mutum, yana kan ƙeyarsa. In ya ce maka, "Gobe ka same ni gindin mangwaro," to sumarka ta yi yawa ke nan, kuma ba ka da ta cewa.

Bana ya rataye zabirar. Ido ya fara hazo, hannu ya fara 'yar rawa, ya ce shi ba zai jira sai ya guntule kunnen wani ba tukuna. Shi ya sa na ga ya kamata a yi masa jinjina yana raye yana ji, don na san halinmu, sai mutum ya kwanta dama sannan bakinmu ke buɗewa.

Mba Alidu, kai ne ka aske fataken goro da 'ya'yansu da jikokinsu. Kai ne mai ƙahon da manoman doya ke nema in baya ya riƙe. Da wuya a sami jariri a unguwarmu da ba hannunka ne ya sauke masa gashin haihuwa ba. Duk wannan an sani. Abin da nake ɗokin faɗa shi ne na gidan Karimu soja, wanda rabin garin nan suka gani da idonsu, sauran rabin kuma suna rantsuwa cewa su ma sun gani.

Karimu ya tafi yaƙin Bama da ƙuruciyarsa da dariyarsa, ya dawo da tabo daga ƙarƙashin kunne zuwa maƙogwaro. A can cikin daji wani ya kama shi ta baya da wuƙa, Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga nan ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa da ƙarfe. Ran da aka fara kai shi gindin mangwaro, Alidu na buɗe aska ya zabura, ya ture kujera, ya ruga gida ba takalmi. Shekara ta bi shekara, suma ta taru ta cukurkuɗe ta zama gizo, har hula ta ƙi zama. Mu kuwa a nan, namiji mai gizo sunansa ɗaya ne: mahaukaci. Alhali mutumin nan yana sallarsa, yana nomansa, maganarsa tsaf. Da ya gaji da nunin da ake masa da baki sai ya daina fita masallaci, ya koma zaman tsakar gida.

Ana nan, a shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai, matar ɗansa Zuberu ta haifi namiji, jikan fari. Zuberu ya je gaya wa Alidu ranar da za a yi suna, ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya.

"Baba Alidu, a gidan kawuna za a yi. Dangin matata za su zo daga Yendi. Tsoho zai zauna a ɗaki har a watse."

"A ɗaki? Ranar sunan jikansa?"

"To ya zan yi? Su gan shi haka?"

Abin ya tsaya wa Alidu a rai, don tare suka yi wasan ƙasa da Karimu. Da hantsi ya yi sallama a gidan Karimu. Ya tarar da Adisa, matar Karimu, a kan tabarma tana yanka yadin rigar jariri, don ɗinki ne sana'arta. Almakashinta na ta ƙyas, ƙyas, dab da kunnen mijin, shi kuwa ya jingina da bango yana gyangyaɗi abinsa. Alidu ya tsaya yana kallo baki buɗe. Ga ƙarfe mai kaifi, ga Karimu, ga barci! Nan take ya gane: wannan ƙara ce da mutumin ya saba da ita, kuma hannun da ke riƙe da ƙarfen yana gabansa, yana ganinsa.

Ya kira ta zaure, murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

"Mma Adisa, ke za ki yi masa saisaye. Da wannan almakashin naki."

"Ei, Mba Alidu! Ni mace? In taɓa kan maigida? Ba shi yiwuwa koraa, ko kaɗan. Gobe a ce na kwashi gashinsa na kai wa boka."

"Shi zai kwashe abinsa ya binne da hannunsa. Ni zan koya miki."

"Yaron nan ne ya aiko ka?" Zuberu take nufi, don ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Yaron nan so yake ya rufe ubansa a ɗaki ranar suna."

Hawaye ya cika mata ido, ta share da bakin mayafi. Ta ce, "Yaushe za mu fara?"

Sai dai a kan wa za a koya? Ba namijin da zai ba da kansa. Alidu ya waiga, sai ga ragon suna ɗaure a turke, fari tas, da geza mai tsawo har ƙirji. Ya ce madalla, ga abin koyo wanda ba zai kai ƙara ba.

Wayyo ragon nan! Adisa tela ce, hannunta ya saba da yadi. Ta buɗe almakashi har ƙarshe, ta zarge gezar da yanka ɗaya mai tsawo, kamar mai fitar da hannun riga. Ta sake, ta sake. Kafin Alidu ya ce tsaya, wuyan rago ya koma hawa-hawa kamar matakalar masallaci. Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki, rago na kuka, Alidu na tafa hannu yana cewa, "Ba atamfa ba ce, Mma Adisa! Ba atamfa ba ce!"

Sannan ya ciro matajinsa na katako daga zabira, wanda ya gada wurin ubansa, ya miƙa mata. Ya nuna mata yadda ake yi, a hankali, yana maimaitawa ba gajiya. A fara jiƙa gashi, a taje. A ɗauko kaɗan tsakanin yatsu biyu, a yanke abin da ya leƙo sama da yatsun, yadda ƙarfe ba zai taɓa fata ba. Da bakin almakashi ake aiki, ƙyas-ƙyas ƙanana, ba da cikinsa ba. In an gama wuri, a haɗo ɗan abin da aka yanke da na kusa da shi, shi zai nuna tsawon. "Kuma ki rage kaɗan," in ji shi. "In ya yi tsawo kya ƙara yanka, in ya yi gajere sai dai ki jira Allah." Ta gama da wancan gefen ragon, ta koma kan tsohon buzun salla, har hannu ya faɗa.

Magana ba ta ɓuya a Salaga. Hudu, babban wanzaman gari, ya tare Alidu a kasuwar doya, ransa a ɓace.

"Alidu, sana'ar kakanninmu ce kake raba wa mata a tsakar gida?"

"Yaya Hudu, ga zabirata, je ka aske Karimu. In ka iya, na bari."

Hudu ya tuna kujerar da aka ture, ya shafa gemu, ya wuce yana gunaguni. Bai yafe ba kuwa, an daɗe ba a kiran Alidu zaman wanzamai, kuma abin ya yi masa ciwo.

Ana gobe suna, da safe, Adisa ta gaya wa mijinta komai, ba ta ɓoye masa maganar ɗakin ba. Karimu ya dube ta, ya ce, "Ki tsaya inda zan gan ki." Aka dama man kaɗanya da ruwan ɗumi, ta yi ta shafa wa gizon tana warwarewa da yatsu har rana ta ɗaga. Alidu kuwa ya bar zabirarsa a gida, ya zauna bayan zana inda ba a ganinsa, muryarsa kawai ke shigowa.

"Fara daga gefen dama, wajen saman kunne. Kaɗan-kaɗan."

Ƙyas. Curin farko ya faɗi a kan zane. Karimu ya runtse ido, ya buɗe. Ƙyas, ƙyas. Gaba ya tafi lafiya, gefe da gefe suka tafi lafiya. Adisa ta saki jiki, har ta fara 'yar waƙar da take yi in tana ɗinki. Daɗin aiki ya ɗebe ta, ta manta, ta taka ta zagaya bayansa don ta kama ƙeya.

Karimu ya yi wata irin ƙara, ya miƙe zumbur, ya damƙe wuyan hannunta har almakashi ya faɗi. Jikinsa na ɓari, gumi na zuba, rabin kai a gyare, rabi gizo. Da an tsaya a nan, da ya fi da muni, ko hula ba za ta rufa asiri ba.

Alidu ya ji komai. Zuciyarsa ta ce ya faɗa ciki, ya danne ta, don ya san in ya shiga an gama. Ya tausasa murya.

"Karimu, ni ne Alidu, ba komai a hannuna. Adisa ce a gabanka. Mma Adisa, zauna a kan turmi, ki fuskance shi. Kai kuma ɗora goshinka a kan gwiwarta. Ta gaba za ta miƙo hannu, ba mai tsaya maka a baya."

Can sai tsohon soja ya durƙusa, ya kifa goshinsa a gwiwar matarsa kamar yaron da za a cire wa ƙaya. Ta sunkuya a kansa, hawayenta na ɗiga a ƙeyar da take gyarawa, ƙyas, ƙyas, har ta kai ƙarshe. Da ta miƙa masa madubi ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe na yi furfura." Ya kwashe gashin da kansa ya binne a bayan ɗaki, ya ce a ɗauko masa jar dararsa daga adaka.

Wayewar gari Zuberu ya zo ɗaukar rago, sai ya tarar da ubansa zaune a zaure cikin farar riga, hula ta zauna daram. Ya durƙusa a gabansa. Karimu ya ce, "A nan za a yi." A nan kuwa aka yi. Baƙin Yendi suka yi ta gaishe shi da girmamawa, abin da ya ɗaure musu kai ragon ne. Wani ya tambayi liman ko ya halatta a yanka shi haka. Liman ya zagaya shi, ya ce ido lafiya, kunne lafiya, ƙafa lafiya, wanzaminsa ne dai sai a hankali. Zaure ya kece da dariya, daga cikin gida aka jiyo ta Adisa ta fi ta kowa.

Da aka raɗa suna, lokacin askin jariri ya yi. Alidu ya ɗauki zabira zai shige ciki, don kada a buɗe aska a gaban amininsa. Karimu ya riƙe masa riga.

"Kawo shi nan. Ni zan riƙe."

Aka kawo jaririn, aka ɗora masa a cinya. Alidu ya tsuguna a gabansa, ya buɗe askar a hankali. Kowa ya ɗauke numfashi. Karimu ya dubi ƙarfen, gumi ya tsattsafo masa, amma tafin hannunsa na tallafe da ɗan kan bai motsa ba har aka sauke gashin duka. Guɗa ta tashi, ni ma da ke rubutun nan ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Mansuratu, ƙanwar mai jego, ta koyi saisaye wurin Adisa ta tafi da shi Yendi, inda take gyara wa mahaifinta da ciwo ya kwantar. Wata matar direban lori ta kai shi Bawku. Masu jinyar tsofaffi, da iyayen yara masu ƙuraje a ka da aska ke fama musu, duk suka riƙa sallama a ƙofar Alidu da almakashi ƙunshe a gefen zane. Bai taɓa korar kowa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a fara gwadawa a kan buzu, a ƙyale ragunan mutane.

Mba Alidu, mai hannun sanyi, mun gode. Kai ne ka yarda 'yan sana'arka su juya maka baya don kada a rufe amininka a ɗaki. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu sana'a a hannu, in kun ga inda hannunku ba zai kai ba, ku koya wa wanda nasa zai kai, kamar yadda ya yi.

Jiya na bi ta gidansa da hantsi. Na same shi zaune a kan turmi, an ɗaura masa zane a wuya, Adisa na tsaye da matajin katakon nan, Karimu na riƙe masa madubi. Bai ga abin da ke cikin madubin sosai ba, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kaɗan-kaɗan, Mma Adisa," yake cewa. "Ni ba ragon suna ba ne."